Matakalar Gidan Dakta Yom

Ranar da aka kira Kafinta Pyo aka ce shi zai yi aikin katako na gidan da Farfesa Sonu ya zana, sai da ya nemi wuri ya zauna. Ya tsufa yana yin ƙofofi da tagogi a garin Gongju da ƙauyukan kewaye, bai taɓa mafarkin aiki da irin wannan mutum ba. Farfesa Sonu ai ko wanda bai san gini ba ya san fuskarsa a talabijin: farin gashi, baƙar riga, magana a hankali kamar mai tsoron kada kalma ta fashe. Abokan Pyo suka sa shi a gaba a shagon giyar shinkafa.

"Shi ke nan, daga yau sai da izini za a gaishe ka."

"Ku dai ku sha, ni zan biya," in ji shi, bakinsa har kunne.

Gidan na Dakta Yom ne, likitan haƙori mai asibiti a cikin gari. Filin kuwa na mahaifiyarsa ne, Iya Malsun. An rushe tsohon gidanta da ke gindin tudu, aka ajiye mata kwantena a gefe ta zauna kafin a gama sabo. Ta haura tamanin. Bayanta ya ranƙwafa, gwiwoyinta a kumbure, in za ta yi tafiya sai ta dafa duk abin da hannunta ya samu. Duk da haka kullum da rana sai ta dafa wa ma'aikata miyar daddawar waken suya, ta ɗebo musu kimchi, tsimammen kabeji mai yaji, daga tulunanta da ke jere a bayan kwantenar.

Wata rana Pyo yana cin abinci ta zo ta tsaya a kansa.

"Kafinta, kai da ka iya karanta zanen nan, ina ɗakina?"

Ya nuna mata sama da cokali. "Can, Iya. Ɗakin da ya fi kowanne kyau. Kina buɗe ido ki ga dutse da kogi."

"Dutsen nan tun ina amarya nake ganinsa, bai taɓa gusawa ba." Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. "Da me zan hau?"

"Da matakala mana."

"Da ƙafar wa?"

Ma'aikata suka fashe da dariya, ita ma ta yi. Pyo ma ya yi, amma abincin bai ƙara yi masa daɗi ba, don ya san matakalar. Katakai ne masu kauri da za su fito daga jikin bangon siminti, kowanne shi kaɗai, tsakaninsu fili, gefensu fili, babu abin dafawa ko ɗaya. Kuma babu banɗaki a sama, don Farfesa ya ce bututun ruwa zai sa bangon ya yi kauri.

Da Farfesa ya zo duba aiki tare da Dakta da matarsa, Pyo ya cire hula ya matsa kusa.

"Ranka ya daɗe, ina da 'yar magana. Iya ba ta da gwiwa. Ko za a sa mata sandar dafawa a jikin bango?"

Farfesa bai yi fushi ba. Murmushi ya yi, ya dafa kafaɗarsa.

"Kafinta Pyo, a gidajenmu na da, ina ake ajiye uwa? A ƙuryar baya, kusa da murhu, cikin hayaƙi. Ni kuwa na ɗaga ta sama da kowa. Duk wanda ke gidan nan a ƙarƙashin ƙafarta zai kwana. Matakalar nan so nake mutum ya ga kamar tana shawagi a iska. Ka sa mata sanda, ta zama tsanin kanti."

"Mama ai ƙarfe ce," in ji Dakta. "Har yanzu tana hawa tudu tsinko ganye."

Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Haerin, ta ce, "Kuma likitoci sun ce hawa matakala magani ne ga tsofaffi."

Pyo ya mayar da hularsa. Mutum uku masu ilimi sun yi magana, shi wane ne?

Gaskiyar magana kuma, aikin ya shiga ransa. Katakon da aka kawo masa bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya yi makonni yana yanka yana gogewa, yana shafa mai yana jira ya sha. Ranar da ya kafa na ƙarshe, Farfesa ya cire takalmi ya hau ya sauko, sannan ya durƙusa ya shafa katakon da tafin hannu, ya ce a gaban kowa, "Ni a takarda na gan ta. Kai ka sa na taka ta." Pyo ya maimaita wa matarsa wannan magana har ta ce ya ƙyale kunnenta ya huta.

Aka tare a gidan a lokacin kaka. Bayan 'yan makonni aka kira Pyo ya gyara wata ƙofa da ta fara cijewa. Yana shiga falo ya ji wani sauti, kamar ana jan buhu a hankali. Ya ɗaga kai. Iya Malsun ce take saukowa a zaune. Sai ta zuro ƙafafu, ta dafa katakon da hannu biyu, ta ja jikinta ta sauka kan na gaba, ta huta. Ta tsakanin katakan ana hango daɓen dutsen da ke ƙasa, ita kuwa ta ƙi kallonsa, bango take kallo.

Ya ruga zai kama ta.

"Bar ni, Kafinta, na iya. Hawan ne wuya. Hawa da rarrafe nake yi, kamar jikata tana jaririya."

Da ta iso ƙasa ya ba ta hannu ta miƙe. Ya ga leɓunanta sun bushe sun tsattsage. Ya zubo mata ruwan sha'ir daga butar da ke kan tebur, ta ture kofin.

"In na sha, sai na sauko. Gara ƙishirwa."

"Ba ki da fo a sama?"

"Ina da shi. Maman Haerin ta ce ɗakin yana wari, baƙi suna zuwa."

Ya tambayi tulunanta, don bai gan su a tsakar gida ba. Ta ce an ba wa wani mai gidan abinci. Farfesa ya ce tsakar gidan farar tsakuwa kawai yake so da bishiya ɗaya. Ba ta kuma yin girki, don murhun gidan gilashi ne da ake taɓawa da yatsa, ta taɓa ya ƙi jin maganarta, ta ƙona tukunya sau ɗaya aka ce ta huta.

"Sun ce na huta," ta ce. "To ina ta hutawa."

Da yamma Pyo ya tare Dakta a bakin gareji ya gaya masa abin da ya gani. Dakta ya shafa goshi.

"Na sani, Kafinta. Kana tsammani ban sani ba? Uwata ce fa. Amma ka san Farfesa, ko labule ba ya yarda a canja."

"'Yar siririyar sanda zan yi, launin bango."

Dakta ya dubi agogo. "Yi abin da ka ga ya dace. Ni dai ban ce komai ba."

Pyo ya yi sandar a shagonsa, ya goge ta har ta yi santsi daidai kamun hannun tsohuwa, ya zo ya kafa ta a jikin bango. Iya Malsun ta kama, ta gwada nauyinta a kai, ta hau a tsaye tun daga ƙasa har sama. Da ta kai ta juyo tana haki tana dariya.

"Ka gan ni? Yau na shiga ɗakina kamar mutum!"

Ta sa shi ya jira, ta ɗauko masa busassun 'ya'yan itace a leda ta tura masa a aljihu. A makonnin da suka biyo baya ta koma shan ruwa. Har gonar maƙwabta ta fara zuwa hira.

Sai wata safiya wayar Pyo ta yi ƙara. Farfesa ne da kansa.

"Kafinta Pyo, na je gidan jiya. Na ga an yi wa matakalarmu ƙari."

"Ranka ya daɗe, Iya ce..."

"Na gane. Zuciyarka mai kyau ce, shi ya sa nake son aiki da kai. Amma an sa gidan cikin gasar gine-gine ta bana. Masu hoto za su zo, alƙalai za su biyo baya. Ɗan lokaci ne. In sun gama sai mu zauna mu nemi dabara mai kyau, wadda ta dace da gidan. Af, akwai ɗakin karatu da zan gina a Seoul. Katako ne daga sama har ƙasa. Na riga na ba da sunanka."

Pyo ya kira Dakta. Dakta ya ce, "Ai na gaya maka ban ce komai ba. Cire kawai, in an gama a mayar."

Ya je ya cire. Iya Malsun tana zaune a saman matakala tana kallonsa yana kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ya cike ramukan da siminti, ya daidaita launi, ya goge. Bai ɗaga kai ba har ya gama.

"Ɗan lokaci ne, Iya."

"To." Ta leƙo ta dubi bangon. "Hannunka da kyau, Kafinta. Ko tabo ba ka bari ba."

Masu hoto suka zo, aka kira Pyo ya tsaya kusa ko za a buƙaci wani gyara. Aka sa wa Iya fararen kaya na gargajiya, aka gyara mata gashi, aka zaunar da ita gaban babban gilashin ɗakinta tana kallon dutse. Mai hoto yana ta cewa, "Kaka, ɗan ɗaga haɓa. Yawwa. Kada ki motsa." Bargonta da fonta da kwalaben maganinta an tura su cikin motar Maman Haerin. Hoton ya fito a mujalla, shafi biyu, an rubuta a ƙasa cewa gida ne da ɗa ya gina don girmama uwa.

Daga nan gidan ya zama wurin ziyara. Duk Asabar ɗalibai da manyan baƙi suna zuwa, su cire takalmi su hau su sauko suna jinjina kai. Alƙalai aka ce wata mai zuwa, sannan aka ce sai bayan sanyi. Pyo ya kira Dakta sau da yawa.

"Bayan alƙalai, Kafinta."

Ya kira Maman Haerin.

"Ai yanzu ba ta ma buƙata. Na sauƙaƙa mata, a tire nake kai mata abinci har sama."

Da dusar ƙanƙara ta sauka ya je duba tagogi. Ya hau ya same ta a kwance cikin bargo biyu. Ta rame har ƙashin kuncinta ya fito. Tiren safe yana gefe, shinkafar ta sandare, kofin ruwan a cike. Dakta da matarsa suna fita tun da safe, sai dare. Jikar, Haerin, tana makaranta a Seoul. Wuni guda ita kaɗai ce da gilashi.

"Iya, yaushe rabonki da sauka?"

"Me zan yi a ƙasa? Ni ce sama da kowa." Ta yi 'yar dariya da ta zama tari. "Maƙwabciyata ta zo gaishe ni, ita ma ƙafar babu. Ta tsaya a ƙasa tana ɗaga murya, ina sama ina ɗaga murya, kamar masu kiran awaki. Ba ta sake zuwa ba."

"Zan yi wa Dakta magana."

"Kada ka dame shi. Ya kashe dukiya a gidan nan. Mutane suna cewa na haifi ɗa."

Sandar tana shagon Pyo, a jingine bayan ƙofa. Ya yi tunanin ya ɗauko ya kafa ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya yi tunanin Seoul. Ya ce wa kansa alƙalai sun kusa.

Ta faɗi ranar wata Talata da hantsi. Fonta take ƙoƙarin saukowa da shi ta zubar kafin surukarta ta dawo, hannu ɗaya a fo, hannu ɗaya a katako. Ta zame ta gefen da babu komai. Ta kwanta a kan daɓen dutse da karyayyen ƙugu har rana ta karkata, sai mai kawo wasiƙu ya hango ta ta cikin bangon gilashi ya kira motar asibiti.

Pyo bai ji labarin daga bakinsu ba sai da Maman Haerin ta kira shi. Abin da ya zube ya shiga katako ya yi tabo, alƙalai kuma an sa musu rana.

Ya zo da kayan aikinsa. Yana durƙushe yana gogewa, suna tsaye a bayansa.

"Sau nawa na ce mata ta daina taka katako da safa?" in ji Maman Haerin. "Ba ta jin magana. Tsofaffi sai ka ce yara."

"Na saya mata waya," in ji Dakta. Idanunsa sun yi ja, da gani ya yi kuka. "Na ce in tana son wani abu ta kira ni. Me ya sa ba ta kira ni ba?"

Pyo ya tsayar da hannu. "Dakta, da sandar nan tana nan..."

"Wa ya cire ta?" Maman Haerin ta katse shi. "Mu muka riƙe maka abin kwancewa?"

Pyo ya koma kan tabon. Ya ci gaba da gogewa.

Farfesa ya aiko da kwandon furanni asibiti. Da suka haɗu da Pyo, ya girgiza kai cikin alhini. "Abin ya taɓa ni ƙwarai. Amma ka sani, Kafinta, tsoho ko a fili yana faɗuwa. Mahaifiyata a banɗaki ta zame, a gidan da ba shi da bene ma. Kada ka ɗora wa kanka." Sannan ya tambaye shi ko tabon ya fita.

Ya fita. Alƙalai suka zo suka tafi, gidan ya ci kyauta.

An yi wa Iya Malsun aiki, ƙashin bai haɗu yadda ake so ba. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi a bayan gari, don Dakta ya ce a can ne za ta sami ƙwararru. Pyo ya daɗe yana cewa zai je. Sai da furanni suka fara buɗewa ya sayi lemo ya tafi.

Tun daga bakin ƙofa ya ga sandunan dafawa. A barandar shiga, a doguwar hanya, a banɗaki, a gefen kowane gado. Na ƙarfe ne masu arha, an kafa su a karkace, amma ko'ina ka miƙa hannu akwai. Ya same ta a ɗaki mai gadaje da yawa, a kusa da bango. Ma'aikaciyar ta ce tun da aka kawo ta ba ta taka ƙasa ba, kuma ba a sa ran za ta taka.

Ta gane shi nan da nan.

"Kafinta! Kai ne? Zauna, zauna. Ka ci abinci?"

"Na ci, Iya."

Ya ɓare mata lemo, ta karɓi ɓari ɗaya ta riƙe ba ta kai baki ba. Ya shirya maganganu a hanya, duk suka gudu. Ya ce, "Iya, ni ne na cire..."

"Aiki aka sa ka." Ta kaɗa hannu. "Ɗana yana zuwa, ka ji. Ran Lahadi. Ba kowace ba, yana da marasa lafiya da yawa." Ta juyo ta dube shi sosai. "Gaya mini gaskiya. Mutanen nan da ake ta jira, sun zo?"

"Sun zo."

"Gidan ya ci?"

"Ya ci, Iya. Shi ne na ɗaya."

Ta lumshe ido ta sauke ajiyar zuciya.

"To madalla. Da na faɗi a banza."

Pyo ya zauna da ɓawon lemo a hannu har ta yi barci. Bai san lokacin da ya fito ba.

Ya je Seoul, ya yi aikin ɗakin karatu, an yabe shi. Abokansa sun lura ya daina ba da labarin Farfesa, in an tayar da zancen sai ya cika kofi ya shanye. Iya Malsun ta rasu kafin damina ta ƙare. A wajen makoki mutane suka yi ta riƙe hannun Dakta suna cewa ya yi ƙoƙari, ba kowane ɗa ne zai gina wa uwarsa irin wannan gida ba.

Ba wanda ya doke ta. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci. Farfesa ya zana, Dakta ya biya, matarsa ta kai tire, Kafinta ya yi aikinsa da kyau. In ka tambayi kowannensu, zai ba ka dalili mai ma'ana, kuma ba ƙarya zai yi ba. Tsohuwa ɗaya ce dai ta yi wata da watanni tana jin ƙishirwa a kan filin da ya zama nata tun tana amarya.

Har yanzu ana zuwa kallon gidan duk Asabar. Ɗakin sama an mayar da shi wurin shan shayi na baƙi. Mai yi musu jagora yakan tsaya a gindin matakala ya ce su hau a hankali. Sai ka ga samari da 'yan mata masu lafiyar gwiwa suna hawa ɗaya bayan ɗaya, in sun kai tsakiya suka leƙa ƙasa, kowanne sai ya miƙa hannu jikin bango yana lalube.